Layuka Huɗu a Direban ath9k_htc: Nazarin Wani Yoyo da Facinsa, 2019 zuwa 2021

Wannan nazari ya bi sawun aikin wani ɗalibin digiri na uku a sashen kimiyyar kwamfuta na wata jami'a a Amurka, wanda za a riƙa kira mai binciken. A 2019 ya duƙufa wajen farautar wuraren da direbobin Linux, wato ƙananan manhajojin da ke tuƙa na'urori, ke ɗibar ƙwaƙwalwar kwamfuta su manta ba su mayar ba. Ya aika faci masu yawa, wato gyare-gyaren rubutun manhaja, amma guda biyu kawai za a bi a nan, waɗanda suka ƙara layuka huɗu a direban wata na'urar Wi-Fi.

Shimfiɗa: na'urar, direbanta da ma'anar yoyo

Na'urar ƙarama ce, kamar filashi mai eriya, ana soka ta a kafar USB. Guntun da ke cikinta shi ne AR9271 na kamfanin Atheros, wanda Qualcomm ya saya a 2011. Shi ne a cikin TP-Link TL-WN722N fitowar farko da Alfa AWUS036NHA, kuma duk wanda ya taɓa koyon gwajin tsaro da Kali Linux ya san su, domin suna iya sauraron saƙonnin Wi-Fi da ke yawo a iska. Direban da ke tuƙa su, ath9k_htc, ya shiga kanel, wato zuciyar Linux, a fitowa ta 2.6.35 cikin 2010.

Guntun ba ya motsi sai an ɗora masa 'yar manhajarsa duk lokacin da aka soka shi. Daga nan sai a yi gaisuwa tsakaninsa da direba. Na'ura ta ce ta shirya, direba ya nemi a buɗe masa hanyoyin magana ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi yawan saƙon da kowace hanya za ta ɗauka, sannan ya ce an kammala. A kowane mataki direba yana arar ɗan mazubi daga kanel, wanda masu aikin ke kira skb, ya rubuta saƙo a ciki, ya miƙa wa sashen USB, ya jira daƙiƙa ɗaya.

An rubuta kanel da harshen C, kuma a C babu mai bin bayanka yana kwashe abin da ka bari. Wanda ya ari ƙwaƙwalwa shi zai mayar. Idan manhaja ta yau da kullum ce ta manta, da zarar an rufe ta komai ya dawo. Kanel kuwa ba a rufe shi sai an kashe kwamfuta. Abin da ya ɓata a cikinsa ya ɓata ke nan, a ga adadin SUnreclaim a /proc/meminfo yana hawa a hankali, har ranar da wuri ya ƙure, kanel ya shiga kashe manhajojin da ba su san hawa ba balle sauka, kuma duk da haka bai samu abin da ya ɓata ba. Wannan shi ne yoyo. Yana zama matsalar tsaro ne idan wani daga waje zai iya sa shi ya maimaitu yadda ya ga dama, har ya durƙusar da na'ura.

Tun 2009 kanel yana da abin gano yoyo mai suna kmemleak, wanda ke leƙa ƙwaƙwalwa duk minti 10 yana neman abin da aka ara kuma babu mai riƙe da adireshinsa. Sai dai ba ya ganin komai sai abin da ya gudana a gabansa. Direbobi su ne fiye da rabin rubutun kanel, yawancinsu ba sa tashi sai da na'urarsu a jone, kuma yoyo ya fi son hanyoyin kuskure, wato layukan da ake bi kawai idan wani abu ya lalace. Na'ura mai lafiya tana iya shekaru ba ta bi ta nan ba. Wannan giɓin ne rukunin mai binciken ya nufa: a karanta rubutun kanel da manhaja ba tare da an gudanar da shi ba, a bi kowane aro a ga ko duk ƙofofin fita sun mayar.

Satumba 2019: abin da ya gani da abin da ya aika

A fayil ɗin htc_hst.c akwai ayyuka uku masu tsari iri ɗaya: htc_config_pipe_credits, htc_setup_complete da htc_connect_service. Kowanne yana arar mazubi, ya aika. Idan aikawar ta gaza nan take, akwai layin da ke mayar da mazubin. Idan ta wuce, sai jira. Idan daƙiƙar ta cika shiru, aikin yana rubuta ƙorafi ya fita da alamar ƙarewar wa'adi, ba tare da ya mayar da komai ba. A wmi.c ma, aikin ath9k_wmi_cmd da ke aika umarni ga na'urar yana da irin wannan ƙofa.

Duk wanda ya dubi aikin shi kaɗai zai ga abin da mai binciken ya gani. Ƙofofin kuskure biyu ne kusa da juna, ɗaya tana mayarwa, ɗaya ba ta yi. A farkon Satumba ya aika faci biyu. Na farko ya ƙara kiran kfree_skb, aikin da ke mayar da mazubi, a wurare uku na htc_hst.c, na biyu ya ƙara ɗaya a wmi.c. Bayanin kowanne gajere ne: idan wa'adi ya ƙare, a saki mazubin da aka ara. Mai kula da direbobin Wi-Fi ya karɓa.

Girman abin da ake magana a kai ba shi da yawa. A biyu daga cikin ayyukan, abin da ake nema bayit 50 ne da kan saƙo na bayit 8. Ko an haɗa da kayan da kanel ke liƙa wa kowane mazubi, bai kai kilobayit ɗaya ba. In ma an ɗauka kilobayit ɗaya ne ke zuba duk daƙiƙa ba tsayawa, sai an yi kwana 12 kafin a rasa gigabayit guda. Ayyuka ukun na htc_hst.c kuwa lokacin gaisuwa kawai suke gudana, kamar idan an zare na'ura an sake sokawa.

Nuwamba 2019: lambobi

Ranar 18 ga Nuwamba aka wallafa jerin lambobin CVE, wato lambobin shaida da ake ba raunin tsaro, a jere, daga CVE-2019-19043 zuwa CVE-2019-19083, kusan dukkansu da kalmomi iri ɗaya: yoyo a aiki kaza na fayil kaza, wanda zai ba mahari damar cinye ƙwaƙwalwa. Direban Atheros ya samu biyu. CVE-2019-19073 ta ɗauki ayyuka ukun, CVE-2019-19074 ta ɗauki na wmi.c. An ce matsalar ta shafi kanel har zuwa fitowa ta 5.3.11.

Wasu lambobin sun sha suka tun da wuri, har aka liƙa musu alamar taƙaddama. An ce CVE-2019-19049 tana cikin rubutun gwaji da ba a isa gare shi sai lokacin tashin kwamfuta. An ce CVE-2019-19067, ta direban katin hoto na AMD, sai wanda ya riga ya mallaki ikon loda direba zai iya tayar da ita. Ta direban katin sadarwa na Netronome, CVE-2019-19076, facinta ma janye shi aka yi daga baya. Akwai kuma waɗanda suka tsaya daram, kamar CVE-2019-19052 a direban gs_usb, inda layi ɗaya ya toshe yoyo na gaske.

Kwana shida bayan lambobin, ranar 24 ga Nuwamba, Linux 5.4 ya fito ɗauke da layukan huɗu. Fitowa ce ta dogon zango, irin wadda ake kula da ita shekaru, kuma a kanta aka gina Ubuntu 20.04, wani nau'in Linux da ake rarrabawa, da ta fito ranar 23 ga Afrilu 2020. Masu amfani da na'urar ba su ga wani canji ba. AR9271 mai lafiya tana amsawa tun kafin daƙiƙar ta cika, don haka sababbin layukan suna zaune ba a taka su ba.

Maris 2020: na'urar da ta ƙi amsawa

Google yana da wani tsari mai suna syzbot da ke jefa wa kanel gwaje-gwajen hargitsi dare da rana, ta amfani da manhajar gwaji mai suna syzkaller da Dmitry Vyukov ya fara. Aikin Andrey Konovalov ya ba shi damar yin basaja a matsayin na'urar USB ba tare da ƙarfe ko waya ba. Ya isa ya gabatar da kansa da lambar shaida 0cf3:9271, kanel zai ɗauka AR9271 ce, ya loda direban da kansa.

A ƙarshen Maris na'urar bogin ta karɓi manhajar da aka ɗora mata, ta ce ta shirya, ta karɓi saƙon neman buɗe hanya, ta yi gum. Bayan daƙiƙa ɗaya direba ya rubuta cewa wa'adin haɗa hanya mai lamba 256 ya ƙare. Layi na gaba na KASAN ne, mai gadin da ake kunnawa a kanel na gwaji don kama duk wanda ya taɓa ƙwaƙwalwar da ba tasa ba. Ya ce an taɓa abin da aka riga aka mayar, kuma mai taɓawar shi ne kfree_skb da aka kira daga htc_connect_service, wato ɗaya daga cikin layukan Satumba.

Rahoton KASAN yana faɗin abu uku: wanda ya ara, wanda ya mayar, da wanda ya sake taɓawa. Na tsakiyan ne ya warware zancen. Wanda ya mayar shi ne ath9k_htc_txcompletion_cb, da aka kira daga hif_usb_regout_cb a wani fayil daban, hif_usb.c.

Ga yadda abin yake. Lokacin da direba ya miƙa mazubi ga sashen USB kuma aka karɓa, mazubin ya bar hannunsa. Ana ajiye adireshinsa a cikin takardar aiken da USB ke riƙewa. Idan saƙo ya fita, ko aka soke aiken saboda an zare na'ura, USB yana kiran wani aiki da aka bar masa tun farko, shi kuma wannan aikin ya mayar da mazubin. Abubuwa biyu ne daban da ke da sauƙin cakuɗewa a idon mai karatu: fitar saƙo, da zuwan amsa. A htc_connect_service amsa ake jira. Saƙo ya fita tuntuni, an mayar da mazubinsa, amsa ce ba ta zo ba. A sauran biyun fitar saƙon ake jira, don haka idan wa'adi ya ƙare, USB yana nan riƙe da mazubin kuma zai mayar daga baya. Ta kowace fuska, layin da aka ƙara ya zama mayarwa ta biyu, ko dai bayan ta ainihi ko kafinta. Ƙofar kuskure ta farko kuwa, wadda ke da nata kfree_skb tun 2010, daidai take, domin a can USB bai karɓa ba, kaya na hannun mai shi.

Mai ba da hayar kujerun biki zai gane haɗarin nan da nan. Idan aka manta ba a dawo da kujera ba, asarar kujera ɗaya ce. Idan kuwa aka rubuta a littafi an dawo da ita, ya ba wani, sannan wani yaro ya zo ya sake cewa a rubuta an dawo da ita, zai ba mutum na uku kujerar da na biyu ke zaune a kai. A kanel, mazaunin na biyu yana iya zama kowane irin bayani, kuma na ukun yana iya zama wanda mahari ya tsara. Shi ya sa amfani da abin da aka riga aka mayar yake cikin ajin raunin da aka fi bi wajen ƙwace iko da kanel, alhali yoyo iyakarsa ya cika wuri.

Afrilu zuwa Satumba 2020: cirewa, da wani tuntuɓen

A farkon Afrilu wani mai ba da gudummawa, wanda ba ɗan jami'ar ba ne, ya aika faci biyar don rahotannin syzbot a kan wannan direba. Ɗaya daga ciki bai ƙara komai ba, cire layuka huɗu kawai ya yi, uku a htc_hst.c, ɗaya a wmi.c. Dalilinsa jimla ɗaya ce: aikin aikawa ya riga ya cinye mazubin, babu buƙatar sake sakinsa. Facin ya shiga Linux 5.8 da ya fito ranar 2 ga Agusta, kuma tun a watan Yuni aka mayar da shi baya zuwa tsofaffin fitowar kanel da ake kula da su. Layukan sun yi kusan wata bakwai a jerin 5.4.

Jerin biyar ɗin bai wuce lami lafiya ba. Wani facin daban a cikinsa, wanda ya taɓa hanyar karɓar saƙo a hif_usb.c, ya kwantar da hankalin syzbot amma ya lalata na'urori na gaske. Masu AR9271 da suka sabunta kanel a watan Yuni suka fara kawo kuka, wasu na'urar ta daina haɗuwa da Wi-Fi, wasu kwamfutar ce ke sandarewa. A watan Yuli aka janye wancan faci, aka sake shigar da shi da gyara. Facin cire layuka huɗun ba a taɓa shi ba.

Su kuwa lambobin suna can suna tafiyarsu. Lambar CVE tana shiga manhajojin binciken rauni da kamfanoni ke gudanarwa, ta fito da ja a rahoto, abokin ciniki ya tambayi mai rarraba Linux yaushe za a rufe ta. A Satumba 2020 Ubuntu ta fitar da sanarwar tsaro ga tsofaffin kanel ɗinta, ta lissafa CVE-2019-19073 da CVE-2019-19074 cikin abubuwan da aka gyara, wata biyar bayan an bayyana cewa facinsu kuskure ne.

Fabrairu zuwa Mayu 2021: takarda da sake dubawa

A Fabrairu 2021 mai binciken da abokan aikinsa suka gabatar da sakamakonsu a taron NDSS, ɗaya daga manyan tarukan tsaron kwamfuta. Sun ba da rahoton yoyo 218 a kanel, 115 daga ciki a sassa na musamman irin su direbobi, da lambobin CVE 41. Ƙashin bayan takardar shi ne tantance mallaka: kafin manhaja ta ce an yi yoyo, sai ta duba ko adireshin ya fice zuwa wani wuri da zai riƙe shi, ko an miƙa shi ga wani aiki da zai cinye shi.

Wata biyu bayan haka wani al'amari daban ya faɗo a kan dukkan aikin. Tun a Agusta 2020 wasu daga rukunin sun aika faci masu ɓoyayyen lahani da sunayen bogi, don gwada ko masu dubawa za su kama. Da abin ya tayar da ƙura, ranar 21 ga Afrilu 2021 Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga manyan masu kula da kanel, ya dakatar da karɓar faci daga jami'ar, ya nemi a sake duba duk abin da ya taɓa fitowa daga can. Kwamitin ba da shawara kan fasaha na Linux Foundation ya fitar da rahoto ranar 5 ga Mayu. Cikin faci 435 da aka duba, 349 daidai suke, 39 na buƙatar gyara, 25 an riga an gyara su da wasu faci, 12 sun daina tasiri, 9 sun girmi rukunin binciken, ɗaya kuma mai shi ya nemi a cire. Rahoton ya ce mafi yawansu da kyakkyawar niyya aka aiko su. Layukan ath9k_htc an cire su shekara guda kafin wannan hayaniya.

Hukunci

A ganina babu mugun nufi a facin Satumba, kuma ba sakaci ne na wanda bai iya aiki ba. Tambayar da aka yi ce ta gaza. An tambaya ko wannan aikin ya mayar da abin da ya ara, alhali abin tambaya shi ne a hannun wa mazubin yake a wannan daƙiƙar. Amsar tana fayil na biyu, bayan wani kira da ba a rubuta sunan wanda ake kira ba sai adireshinsa, a cikin aikin da ba direba ke kiransa ba, USB ne ke kira a lokacin da ya ga dama. Irin wannan wuri ne manhajar karanta rubutu ta fi yawan ɓata, kuma idon mutum ma haka. Harshen C ba shi da inda ake rubuta cewa aiki kaza ya karɓe mallaka. Sani ne da ke kan waɗanda suka rubuta direban a 2010.

Dubawar farko ma ba ta kama ba, kuma ina ganin dalilin. Faci mai layi ɗaya da ke ƙara mayarwa a ƙofar kuskure yana kama da abin da ba zai cutar ba. Mai kula da direbobi yana da ɗaruruwan irinsa a gabansa, kuma yawancinsu daidai ne, kamar yadda 349 cikin 435 ya nuna. Gwaji da na'ura mai lafiya ba zai ce komai ba. Garin neman gira aka nufi ido, domin an ɗauki matsalar da ko da ta tabbata sai an yi kwanaki ana zare na'ura ana sokawa kafin ta yi tasiri, aka musanya ta da wadda na'urar USB ta bogi za ta tayar cikin daƙiƙa ɗaya. Wanda zai iya tayar da yoyon, wato mai na'urar da ta ƙi amsawa, shi ne dai wanda aka miƙa wa sabon raunin.

Lambar CVE ce ta fi ba ni takaici. A 2019 ana iya samunta ba tare da masu kula da direban sun tabbatar akwai rauni ba, kuma da zarar ta fito sai ta zama umarni ga duk masu rarraba Linux. Ita ta ba facin ƙafafun da ya yi tafiyar da bai kamata ya yi ba. Tun Fabrairu 2024 masu kula da kanel ne da kansu ke ba da lambobin abin da ya shafe su, duk da cewa yawan da suke fitarwa ya buɗe tasa muhawarar.

Abin da ya yi aiki shi ne taka layin. Syzbot bai fi mai binciken fahimtar direban ba, hasali ma bai fahimci komai ba. Ya dai samar da na'urar da ta yi shiru, KASAN kuma ya ajiye sunan wanda ya fara mayarwa, sai gardama ta ƙare. Amma tuntuɓen Yuni ya nuna iyakar wannan hanyar ita ma, domin na'urar bogi ta san hanyoyin lalacewa, ba ta san hanyar da mutum ke bi ya buɗe intanet ba. Ƙoƙarin rukunin na neman yoyo a direbobin da ba a gwadawa bai tashi a banza ba, kuma wannan direban ma yana da yoyo na gaske, waɗanda aka toshe a 2022 da 2023 a hanyar karɓar saƙo, bayan gwajin syzkaller ya nuna su.

Ƙofar ƙarewar wa'adi a htc_connect_service ta koma yadda take kafin Satumba 2019, tana rubuta ƙorafinta ta fita ba ta taɓa mazubin ba. CVE-2019-19073 da CVE-2019-19074 kuwa suna nan a kundin lambobi, kowacce da mahaɗin da ke kai mai karatu ga facin da aka cire.